Tekun da ya bar ƙaguwa a Tanut

A watan Janairu na 1851 wani ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro daga duwatsun Abzin ya shiga ƙasar Damargu. A cikinsa akwai Turawa uku, da wani kaya da madugai ba su saba gani ba: jirgin ruwa ne sukutum, an rarraba shi gida-gida an labta wa raƙuma tun daga Tarabulus. Shugaban tafiyar James Richardson ne, mutumin Ingila, sauran biyun kuwa Jamusawa ne, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, jirgin kuma don Tafkin Cadi aka ɗauko shi. A Tagelel suka rabu. Barth ya bi ta Tasawa ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya yi yamma wajen Maraɗi da Gobir, Richardson ya miƙe kudu ya sauka a Damagaram wurin Sarki Ibrahim, ya yi kusan wata guda. Bai kai Kukawa ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a Ngurutuwa, ya rasu a farkon watan Maris.

Overweg shi ne masanin duwatsu a cikinsu. Tun suna hamadar Libiya yake tsintar kumbar teku da ta zama dutse yana aikawa gida, har masanan Jamus suka raɗa wa wata irinta sunansa, Exogyra overwegi. Shi ne kuma ya harhaɗa jirgin nan ya zaga tsibiran Buduma, kafin shi ma ya rasu a Maduwari a 1852 yana ɗan shekara 30. Akwai abin da tafiyar tasu ba ta fito da shi ba, sai da aka yi shekara hamsin sannan aka gane shi. Ƙasar geron nan ta Damargu, wadda raƙuma suka ratsa da jirgi a doronsu, gindin teku ce a can dā, ƙaguwoyin tekun kuma suna nan kwance cikin tuddanta.

Kafin a iya ɗaukar dutse a ce wannan ƙaguwa ce, ga danginta, ga zamanin da ta rayu, sai da wasu suka ƙarar da shekarunsu a kan dangin nata. A shekarar nan ta 1851, a wani ƙauye mai suna Downe kudu da Landan, Charles Darwin yana cikin shekara ta biyar ta wani aiki da ya ɗauka zai gama cikin 'yan watanni. Banakul yake nazari. 'Yar halitta ce ta ruwan gishiri da ke manne wa duwatsun gaɓa, da turakun tashar jirage, da cikin jirgi daga waje, har da bayan kunkurun teku. Tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, faranti-faranti a jingine da juna, da 'yar ƙofa a bisa. In ruwa ya janye sai ta rufe ƙofa ta riƙe ɗan danshin da ta tara. In ya dawo sai ƙofar ta buɗe, ƙafafu goma sha biyu masu gashi-gashi su miƙo waje, su share ruwa, su naɗe su koma ciki da abin da suka kamo, su sake fitowa. Haka take yini, ba ta motsa daga inda take har ta mutu.

Saboda ɗakin nan da zaman wuri ɗaya, manyan masana irin su Linnaeus da Cuvier suka sa ta cikin dangin dodon koɗi da kumba. Wanda ya warware kuskuren wani likitan soja ne, John Vaughan Thompson, da ke zaune a Cork a ƙasar Ailan. Yakan ja tarun yadi mai laushi a ruwan tashar ya zuba abin da ya kamo a tulun gilashi ya yi ta kallo. Cikin abin da ya kamo akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu ido da ƙafafu, suna iyo kamar kowane ɗan jatan lande. Da kwanaki suka wuce ya tarar sun manne da gilashin ta ka, sun fara gina ɗaki. Ya buga abin da ya gani a 1830. Daga nan banakul ta bar gidan dodon koɗi ta koma gidan ƙaguwa da jatan lande, wato halittu masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Ba a gane asalinta daga babbar ba, sai daga 'yar.

Darwin ya shiga lamarin ta wata ƙaramar ƙofa. A Janairun 1835, a tsibiran Chonos na kudancin Cile, ya tsinci wani koɗi duk an huhhuda shi, a cikin kowane rami akwai wata banakul maras ɗaki. Da ya zauna a 1846 zai bayyana ta, ya ga ba zai iya faɗin abin da ya bambanta ta da sauran ba sai ya san sauran. Sai ya fara roƙon samfura ta wasiƙa daga gidajen tarihi, da matuƙan jirage, da masu tara koɗi a ƙasashe daban-daban. Shekara takwas ya yi yana feɗe su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya fitar da littattafai huɗu tsakanin 1851 da 1854, biyu kan masu rai, biyu kan waɗanda suka zama dutse. Ya gano cewa a wasu ire-iren namijin bai wuce ɗan ɗigo ba, yana maƙale a jikin macen, ba shi da baki ba shi da ciki. An ba shi lambar girma ta ƙungiyar masana ta Ingila a 1853, tun kafin littafinsa na 1859 da ya jawo gardamar da har yau ba ta mutu ba. Ko mutum yana tare da shi a waccan gardamar ko ba ya tare da shi, masu nazarin banakul har gobe suna buɗe littattafan nan huɗu.

Cikin abin da Darwin ya bayyana akwai wata banakul ta gaɓar Afirka ta Yamma da ya kira stutsburi. Bayan shekara ɗari aka yi nazarinta a tashar jiragen ruwa ta Legas, aka ga rayuwarta tana bin damina da rani, domin ruwan sama yakan tsinka gishirin tashar ya hallaka da yawa daga cikinsu. A wancan zamani ta wannan tashar ce gyaɗar Magarya da Matamai take fita bayan ta bi mota zuwa Kano ta hau jirgin ƙasa. Jirgin ruwan da banakul ta lulluɓe cikinsa yana rage gudu, yana ƙara shan mai, kuma a kan kaya ake fanshe kuɗin.

Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi sama da shekara 30 a gadon sarauta ya rasu a 1884, ba ta rasa hulɗa da teku ba, ko da yake ɗaruruwan kilomita ne tsakaninta da kowace gaɓa. Fatu da gashin jimina da bayi suna fita ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, yadi da takarda da bindigogi suna shigowa. Kuɗin wurin da ake ciniki da shi a kasuwa ɗakin wata halitta ce ta Tekun Indiya, daga tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar. Tanimu ya ja ganuwa ya kewaye Birni, ya sa maƙera sun zuba masa igwa. Ganuwar ba ta tare abin da ke tafe ba. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yulin 1899 ragowar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawa da toka tun daga bakin Kwara, ta ci sojan Damagaram a Tirmini ta shiga gari. Ta wannan ƙofar ilimin duwatsu ya shigo ƙasar, a aljihun hafsoshin da suka ci ta da yaƙi, kuma ba daidai ba ne a ba da labarinsa a tsallake wannan.

Alamar farko ta riga yaƙin. A 1892 hafsan Faransa Louis-Parfait Monteil, wanda ya ratso Sakkwato da Kano da Kukawa yana neman Tarabulus, ya tsinci wani dunƙulen dutse a kan hanyar Bilma. Sai a 1901 masana a Faris suka duba shi suka ce bushiyar teku ce, suka sa mata suna monteili. Albert de Lapparent, babban masanin duwatsu na Faransa a lokacin, ya kai maganar gaban majalisar masana kimiyya: in akwai wannan halitta a tsakiyar Sahara, to teku ya taɓa isa can. Sai samfura suka fara zuwa. Kyaftin Henri Gaden, wanda yana cikin waɗanda suka kama Samori a 1898, aka turo shi riƙon Damagaram a farkon shekarun 1900. Mutum ne mai son tambaya da tsince-tsince, daga baya ma ya yi suna wajen nazarin Fulatanci. Ya aika da burbushin halittun teku daga Tamaske a ƙasar Adar, ya aika da wasu daga Damargu. Bayansa masanin duwatsu René Chudeau ya ƙetaro Sahara daga Aljeriya a 1905, ya bi ta Abzin da Damargu da Damagaram har Cadi, a 1909 ya buga bayanin amonait na Damargu.

Amonait wata halittar teku ce mai ɗaki a naɗe kamar ƙahon rago, cikinsa ɗaki-ɗaki, kuma ta ƙare a duniya tare da dinoso shekara miliyan 66 da suka wuce. Amfaninta ga masani shi ne irinta yana saurin sauyawa, yana kuma bazuwa nesa. Duk shimfiɗar dutsen da aka samu iri ɗaya a cikinta, ko a Tanut ko a Tunisiya, zamaninsu ɗaya. Chudeau ya sa wa biyu daga cikin na Damargu suna gadeni da cauvini, sunayen hafsoshi biyu ke nan. A 1943 Daniel Schneegans ya ware wani jinsi ya kira shi Nigericeras, aka mayar da gadeni cikinsa. Hafsan Faransa bai san rijiya ba, bai san hanya ba, bai san tudun da ake samun irin waɗannan duwatsu ba sai an kai shi. Amma monteili da gadeni da cauvini su ne a rubuce, ba jagoran ayari ko ɗaya a cikinsu.

Abin da duwatsun suka nuna shi ne wannan. Wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Kretase, duniya tana da zafi ƙwarai, ba tulin ƙanƙara a ƙuryar arewa da ta kudu irin na yau, ƙasan teku kuma ya kumbura saboda Afirka da Amurka ta Kudu suna rabuwa. Ruwa ya hau ya malale kan nahiyoyi. Wani reshe ya shigo daga arewa, daga tsohon tekun da Bahar Rum ragowarsa ne, ya ratsa Sahara. Wani ya hauro daga Tekun Gini ta kwarin Binuwai. Suka haɗu. Ruwa ne mai ɗumi maras zurfi, gindinsa laka da farar ƙasa. Shi ya sa amonait ɗin da ake tsinta a Tanut ake tono 'yan uwanta a ramin siminti na Ashaka kusa da Gombe, har akwai jinsin da ake kira Gombeoceras. Tekun ya yi ta shiga yana fita. Zuwansa na ƙarshe, ta ɓangaren yamma, shi ya bar dutsen da ake toya siminti da shi a Malbaza da Kalambaina. Manyan duwatsun nan na Birnin Damagaram kuwa ba na teku ba ne, sun girme shi nesa ba kusa ba, ba sa kuma riƙe ruwa. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da aka bayar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka kai Yamai a 1926.

Dangin ƙaguwa masu rai sun shigo labarin ta hannun ayarin shata iyaka. Daga 1906 zuwa 1909 Kyaftin Jean Tilho ya jagoranci ɓangaren Faransa na aikin raba ƙasa da Ingila daga Kwara zuwa Cadi, suka kafa turaku 148, iyakar da ta bar Daura a kudu, Magarya a arewa. A cikin ayarin akwai tafinta Moïse Landeroin, wanda ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin sarakunan Damagaram da maƙwabtansu, ya kuma haɗa ƙamus na Hausa tare da Tilho. Akwai masanin duwatsu Garde, akwai likita Gaillard, wanda in ya gama duba marasa lafiya sai ya ɗauki taru da kwalaben barasar adana samfura. A Tafkin Cadi Gaillard ya kamo wani ɗan jatan lande. Da aka kai shi Faris, Edmond Sollaud ya duba ya ce ai wannan na Kogin Nilu ne, Palaemon niloticus, shi da Tilho suka buga labarin a 1911. Jatan landen ruwan daɗi ba ya tashi sama, ba ya tafiya a tudu. Ta ina ya bi? Kifayen tafkin ma da yawa irin na Nilu ne. Tilho ya koma ya yi shekaru, daga 1912 zuwa 1917, yana auna ƙasar Borku da Tibesti da Ennedi, cikin abin da yake nema har da ko akwai wata tsohuwar hanyar ruwa tsakanin Cadi da Nilu. Bai sami kogin da ya haɗa su ba. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko fiye, yana tumbatsa yana zuba cikin Binuwai ta Mayo Kebbi, Sahara kuma cike take da tafkuna da ƙoramu da halittun ruwa za su iya bi sannu a hankali.

Ƙaguwoyin Tanut su ma Faris aka kai su. Tanut tana kusan kilomita 150 arewa da Damagaram, a tsakiyar Damargu, tuddanta kuma shimfiɗa-shimfiɗa ne na laka da farar ƙasa, iska da ruwan damina suna zaizaye su suna fito da abin da ke ciki. A 1935 mujallar gidan tarihin halittu na Faris ta buga wata maƙala kan ƙaguwoyi da danginsu na zamanin Kretase daga Tanut. Mutum biyu suka rubuta ta. Na farko Léonce Joleaud, shehun malami a Jami'ar Sorbonne. Na biyu Te-You Hsu, wanda a rubutun Sin na yau ake kira Xu Deyou, saurayi daga lardin Jiangsu. Ya fara da karatun siyasa a Jami'ar Fudan ta Shanghai, ya zo Faransa ya sauya hanya ya karanci ilimin duwatsu a Montpellier. Aiki ne na haƙuri. A kankare dutse da allura har bayan ƙaguwar ya fito, a ƙirga ƙurajen da ke jere a kansa, a auna faɗi da tsawo, a zana, sannan a gwada da abin da wasu suka zana daga wasu ƙasashe. Ɗaya daga cikin ƙaguwoyin daga baya aka sa ta a jinsin Cenomanocarcinus, wanda ake samun 'yan uwansa a Faransa da Teksas da Meziko da Kolombiya. Ƙaguwa a gindin ruwa take rarrafe, amma 'ya'yanta, kamar yadda Thompson na Cork ya fara nunawa, iyo suke yi a saman ruwa igiyar ruwa tana kai su inda ta kai su. Samun dangi ɗaya a Damargu da Teksas shaida ce cewa ruwan a haɗe yake.

Hsu ya koma gida a shekarar da maƙalar ta fito, ya shiga hukumar binciken duwatsu ta ƙasar Sin, ya zama gwani a kan wani zamani da ya girmi na Tanut. Ana tsakiyar yaƙi da Japan bai daina fita daji ba. Ran 24 ga Afrilu 1944, a kan wata hanyar dutse a lardin Guizhou, 'yan fashi suka tare shi da abokan aikinsa biyu, Chen Kang da Ma Yisi, budurwa, ɗaya daga cikin matan Sin na farko da suka shiga wannan aiki. Suka kashe su duka ukun. Ƙungiyar masana duwatsu ta Sin ta kafa kyaututtuka da sunayensu. A can an san shi, amma da wuya ka ji sunansa a Tanut, inda duwatsun ƙuruciyar aikinsa suka fito.

Wanda ya fi kowa haɗa ilimin ƙaguwa da Sahara a jikinsa Théodore Monod ne. Mutane sun san shi da yawon hamada a ƙasa da kan raƙumi har ya tsufa tukuf, ya rasu a 2000 yana da shekara 98. Asalin sana'arsa kuwa dangin ƙaguwa ne. A 1924 ya bayyana wata 'yar halitta makauniya daga wani marmaro mai zafi a El Hamma ta Tunisiya, wadda ta zama sabon rukuni gaba ɗaya. Ya shugabanci cibiyar bincike ta IFAN a Dakar daga 1938 zuwa 1965, a 1956 ya fitar da babban littafi kan ƙaguwoyin Afirka ta Yamma. Reshen IFAN na Yamai shi ne tushen cibiyar IRSH ta yau. Bayan 'yancin kai Hugues Faure ya buga binciken duwatsun gabashin Nijar a 1966. A 1992 aka ga sunan ɗan ƙasa a gaba-gaba, da Alzouma na Jami'ar Yamai ya haɗu da Meister da Lang da Mathey suka sake bin shimfiɗun Tanut ɗaya bayan ɗaya suka jera amonait ɗinsu. Tsakanin akwatin Gaden da wannan maƙala shekara casa'in ne.

Tekun ya bar wani gadon da ba a ajiye shi a gidan tarihi ba. Lakar da ta kwanta a gindinsa a kwarin Termit, cike da matattun ƙananan halittu, ita ce masana ke ɗauka babban tushen man Agadem. Masu haƙa rijiyar mai suna gane shimfiɗar da suka kai ta hanyar wanke ƙasar da ta fito su duba ta a madubi, cikin abin da suke nema har da ostrakod, wani ɗan dangin ƙaguwa mai ɓawo biyu da bai cika wuce milimita ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut, wajen kilomita 50 daga Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma kamfanin CNPC na ƙasar su Hsu ne ya gina ta.

Sai dai dangin ƙaguwar da ya fi taɓa rayuwar talakan Damagaram a tabki yake, da ransa. In ruwan farko ya sauka tabkuna suka cika, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ruwan yana motsi, saboda ƙwai da ƙananan halittun da suka yi rani a busasshiyar laka sun farka. A cikinsu akwai wani ɗan ƙwaron ruwa da masana ke kira Cyclops, tsawonsa milimita ɗaya zuwa biyu, da ido guda a tsakiyar goshi, yana tafiya da tsalle-tsalle. In ka ɗaga ruwan tabki a kofin gilashi wajen haske za ka gan shi, farin ɗigo mai zabura. Shi ne mai ɗauke da kurkunu.

Duk wanda ya girma a ƙauye kafin shekarun 1990 ya san ciwon. Ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, ya fashe, farin zare ya leƙo. A sami ɗan tsinke a naɗe kan, kullum a ja kaɗan, a ɗaure, gobe a ƙara, domin in ya tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Tsutsar takan kai mita guda, fitar da ita yakan ci makonni. Kuma da damina take fitowa, daidai lokacin noman farko da maimai, sai ka ga magidanci a zaune gindin bishiya da ƙafa a miƙe, ciyawa tana cin gero. Mai ciwon yakan tsoma ƙafar a tabki don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da dubban 'ya'ya, Cyclops ya haɗiye su, su yi kamar mako biyu a cikinsa. Wanda ya sha ruwan ya sha ƙwaron, ƙwaron ya narke a ciki, 'yar tsutsar ta fita ta shiga jiki. Sai damina ta zagayo take neman hanyar fita, shi ya sa ba wanda ya alaƙanta ciwon bana da ruwan bara.

Wanda ya gano wannan zagaye wani matashin masani ne ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, a ƙasar Turkistan wajen 1870. Ya mutu a kan dutsen Mont Blanc a 1873 yana da shekara 29. Robert Leiper ya tabbatar da maganar a Akara a 1905, ya kuma faɗi abin da ya kamata a yi: a raba mutane da ƙwaron, ciwon zai ƙare. Maganar tana rubuce tun Damagaram ba ta cika shekara goma a hannun Faransa ba. Aka yi mulkin mallaka aka gama, aka yi shekara talatin da 'yancin kai, mata suna ɗebo ruwan tabki suna zubawa a randa yadda yake. Ciwo ne na mutanen da ba su da famfo, ba ya kuma kisa kai tsaye, don haka bai dami masu kasafin kuɗi ba.

A 1986, lokacin da cibiyar Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a duniya kowace shekara. Ƙidayar da aka yi a Nijar a 1991 ta samu kusan mutum 33,000 a ƙauyuka wajen 1,700, jihar Damagaram ce a kan gaba, musamman ƙasar Mirriya. Ba allura, ba ƙwaya. Abin da aka raba shi ne ƙyallen tacewa mai ƙananan idanu, a ɗaure shi a bakin randa ko tulu, a zuba ruwa a hankali, a juye abin da ya rage a kai can nesa da tabki, a wanke ƙyallen. Makiyaya da masu zuwa gona aka ba su ɗan bututu mai rariya a baki, suna rataye shi a wuya. Aka zaɓi mutum a kowane ƙauye yana rubuta wanda ciwon ya fito wa, yana ɗaure masa ƙafa, yana hana shi shiga ruwa. Aka zuba maganin Abate a tabkunan da aka san suna da ƙwaron, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, wasu da kuɗin Japan, wasu na UNICEF. Mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasar an same shi a 2008, can yamma a jihar Tillaberi. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar takardar shaidar rabuwa da kurkunu, tare da Nijeriya da Kwaddibuwa. A Cadi kuwa, maƙwabciya ta gabas, tun 2012 ake ganin tsutsar tana fitowa a ƙafafun karnukan masunta a bakin Kogin Shari, kuma har yanzu ba a gama da ita ba.